Hannun da Ba Nawa Ba

Ku gyara zama, jama'a, don abin da zan faɗa muku yau ko Yaya ban faɗa wa ba, kuma Yaya irin mutanen nan ce da in ka ɓoye mata magana sai ta shinshino ta a jikin mayafinka. Na ga masu cewa a sharhi in daina ja wa Mai Zane rai, wai mutumin kirki ne. Ni ma ban ce ba shi da kirki ba. Kishi nake yi, kishi mai hana cin abinci, kuma wadda nake kishi da ita ba ta ma duniyar.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce autar gidanmu, Auta ake ce min har a wurin aiki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna akwati bayan akwati, magana na fita daga bakin mutane a cikin 'yan zagayen da muke kira balan-balan. Ofishinmu a saman shagon masu labule yake, ɗaki biyu da baranda, da fanka ɗaya wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Mai Zane ya zana, Mai Kala ta shafa launi, ni in zuba kalmomi, Oga kuma ya leƙo ya ce mun makara.

Mai Zane shi ne ya ce yana sona. Dogo ne, ba ya son hayaniya, gefen hannunsa na dama kullum baƙi ƙirin da garin fensir, har hannun farar rigarsa bai tsira ba. Matarsa ta rasu kafin in fara aiki a wurin. Wannan na sani tun farko, kuma na ɗauka zan iya.

Ranar da abin ya fara, da safe ina gaban madubi ina fama da mayafina ruwan ganye, Umma ta shigo da kayan guga ta dire a kan gadona. Yaya na biye da ita da jaririnta a kafaɗa, ta zo mana kwana biyu.

"Abbanki ya ce kafin wata ya mutu ki tsayar da ɗaya," in ji Umma. "Ya gaji da ganin yau mota, gobe babur a ƙofar gida."

Motar ta Mai Kemis ce, ɗan ƙawar Umma, saurayi fes da shi, turarensa na riga shi yin sallama. Babur ɗin kuwa kun san na waye.

"Shi yaron nan mai kemis me ya yi miki?"

"Ba abin da ya yi min, Umma."

"Ai laifin nasa ke nan," Yaya ta ce tana jijjiga ɗanta. "Da ya iya zama shiru yana kallon bango kamar wancan, da tuni an wuce wurin."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado ta kalle ni ta cikin madubin. "Auta, namijin da ya kai matarsa makwancinta ba duka yake dawowa gida ba. Abin da ya rage za ki aura. In kin ga ya ishe ki, ni ba zan hana ki ba."

Na ce mata ya ishe ni har da saura. Da bakin nan nawa na faɗa.

Zan fita ta miƙo min ledar yadin da za a kai wa tela, ta ce in rubuta sunan gidanmu a jiki kada ya haɗa da na wasu. Na rubuta. Ta ɗaga ledar ta nisanta ta da idonta tana kallo.

"Ikon Allah. Yaushe rubutunki ya yi kyau haka? Ke da malamai ke cewa kaza ce ta yi tono a littafinki."

"Aiki ne, Umma," na ce, kaina na wani fasuwa.

Littafin da muke yi yanzu daga wata tsohuwar waƙar makoki aka ɗauko shi, irin wadda aka tilasta mana haddacewa a makaranta muna hamma. Wani dattijo ne matarsa ta rasu, sai ya bi gidansu ɗaki-ɗaki yana faɗin yadda kowane wuri ya ƙara girma. Bai ce yana kuka ba, bai siffanta matar ba, ko sunanta babu. Awon gida kawai yake yi.

*Ɗakin da muka sha yi wa gorin ƙunci,*
*yau na yi tari a cikinsa ya maimaita mini.*
*Ƙofar da sai mun karkace muke wucewa,*
*yau ta bar ni na wuce a miƙe, na ji haushinta.*

A makaranta ban ga abin kuka a ciki ba, sai da Mai Zane ya zana ta. A shafukan farko, inda dattijon ke tuna lokacin da tana nan, akwatunan ƙanana ne a cunkushe, tukwane, takalma, igiyar shanya, ba inda za ka sa yatsa. Tana rasuwa sai akwatunan suka fara buɗewa, farar tazarar da ke tsakaninsu na ƙara faɗi, dattijon na ƙanƙancewa yana komawa lungu. Kuma a kowane akwati akwai wani fili da ya bari fari, ko gefen tabarma, ko bakin taga, daidai zaman mutum ɗaya.

Ni mai zuba kalmomi ce, in na ga fili hannuna ƙaiƙayi yake. Na taɓa ɗora baiti a kan ɗaya daga cikin filayen nan, ya zo ya tsaya a bayana ya ce a hankali, "Auta, matsar da shi sama. Nan akwai mutum."

A lokacin burge ni ya yi. Har na isa gida ina maimaita maganar, ina cewa a raina kai, ji mutum mai zurfi.

Shafin ƙarshe kuwa fari ne fat, sai gefen wata ƙofa a can ƙasa, a ɗan buɗe. Waƙar ta ƙare ne da cewa, *ɗaki na ƙarshe ban shiga ba, wanda ya san faɗinsa ya yi mini uzuri.* Oga ya ce a sa baitin a tsakiyar shafin, kada mai karatu ya ɗauka injin bugawa ne ya yi tsallake. Mai Zane ya ce ko ɗigo ba za a sa ba, baitin ya zauna a shafin da ya gabace shi. Suka yi ta ja har Oga ya gaji ya haƙura.

To ga inda matsalar take. Ba da alƙalami nake zuba kalmomin ba, a kwamfuta nake bugawa, da wani salon rubutu na kamfaninmu mai kama da rubutun mutum. A kwamfutar sunansa Hannu, kuma duk littattafan da muka fitar tun zuwana da shi aka yi su. Rubutu ne mai kyau, siriri, a ɗan kwance zuwa dama, kuma tun makon da na fara aiki na kamu da sonsa. In babu aiki sai in ɗauki biro in yi ta kwaikwayonsa a bayan takardun da aka zubar, har hannuna ya saba, har na manta yadda nake yin nawa.

Da rana Mai Zane ya fita sayo takarda, ni da Mai Kala muna baranda muna shan shayi. Mai Kala ta girme ni, ta fi kowa daɗewa a wurin, kuma bakinta ba shi da birki. Ina ta 'yan rubuce-rubuce a jikin kofin takardar da ke hannuna, sai na ga ta zuba wa rubutun ido.

"Wallahi har tsikar jikina ta tashi," ta ce. "Kamar ita ce ta rubuta."

"Wa?"

"Marigayiya mana." Ta kalle ni, ta ajiye kofinta. "Au, ba ki sani ba?"

"Me zan sani?"

"Hannu ai rubutunta ne. Ita ce mai zuba kalmomi kafin ke, a kan teburin nan naki, da alƙalami take yi shafi-shafi. Da ciwo ya fara cin ƙarfinta sai ya sa ta rubuta masa haruffa ɗaya bayan ɗaya a gadon asibiti, ya kwashe ya zuba a kwamfuta, wai don ta ci gaba da aiki ko da yatsa ɗaya ne. Ba ta ma samu yin amfani da shi sosai ba."

Na kalli rubutun da ke jikin kofina.

"Na ɗauka ya faɗa miki," ta ce. "Ke dai kada ki ce daga bakina kika ji."

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san labarin ranar da ya fara kallona, don na ba ku shi har da ƙarin gishiri. Na ce muku watanni yana wuce ni kamar kujera, sai ranar da na yafa mayafi ruwan ganye ya tsaya a gaban teburina ya yi murmushi, ya tambaye ni ko na ci abinci. To a barandar nan na tuna sauran abin da ya faru ranar. Da safe na manna masa 'yar takarda a kan teburinsa, na rubuta, *Malam, na gama shafin, ka duba.* Na gan shi ya ɓanɓare ta ya tsaya a tsaye yana kallo, ya daɗe, har na ɗauka kuskure na yi. Ashe ba mayafi ba ne. Ni da wautata har na koma kasuwa na ƙaro wani irinsa.

Na ciro wayata. Hoton da ke fuskarta katin da ya turo min ne ranar da ya furta, zanen kofin shayi biyu a kan tebur, a ƙasa an rubuta, *Auta, in kin amince, ina so in zo in gaida Abba.* Da Hannu ya buga shi. Wato da rubutun matarsa ya nemi aurena, ni kuma na manna a fuskar waya ina yawon nuna wa ƙawaye.

Ku faɗa min, da wa zan yi faɗa? Da tana raye da na san inda zan kalla in ga abin da ta fi ni, ko hanci ne ko tsayi, in lalubo aibu ɗaya in riƙe. Wadda ta mutu ba ta da aibu. Ba ta makara aiki, ba ta fushi, ƙurji ba ya fito mata a goshi. Ni kuma kullum ina kan kujerarta, ina buga magana tana fitowa da hannunta. Filayen nan farare da na yi ta yabawa, yanzu in na kalle su sai in ga an ware mata wurin zama a kowane shafi, ni an ce in matsa sama.

Da yamma ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo.

*Kin fita ba sallama. Lafiya?*

*Lafiya.*

*Kin ci abinci?*

*Na ci.*

*Auta, wannan "na ci" ɗin ba shi da lafiya.*

Na bar shi ba amsa. Saƙon Mai Kemis kuwa tun rana yake jira, furanni da zuciyoyi da wata doguwar addu'a da na san turo masa aka yi ya turo min. Na kalle shi na ji wani abu mai kama da hutu, na ce wannan dai babu kowa a bayansa. Sai kuma na ji haushin kaina, na kashe data.

A gida Yaya ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu?"

"An daɗe," na ce.

Ta buɗe baki ke nan Umma ta ƙwala mata kira daga kicin, Allah ya taimake ni. Na shige ɗaki na ɗauki biro, na ce bari in rubuta sunana da rubutuna na asali. Na kasa. Ina sa biron sai hannun ya kwanta zuwa dama da kansa. Sai da na tono tsohon littafina na sakandare daga ƙasan durowa, na buɗe a gabana ina kwaikwayon kaina yadda na kwaikwayi waccan. Mummunan rubutu ne, jama'a, wasu haruffan a tsaye wasu a tsugune. Amma nawa ne.

Washegari ne ake duba gwajin littafin, kwafin da ake fitarwa a ofis kafin a kai wurin bugawa. Na zura baƙar abaya, ko kwalli ban sa ba, na riga kowa zuwa. Na zaro farin shafin nan na ƙarshe, wanda ya ce ko ɗigo kada a sa, na ɗauki alƙalamin tawada na rubuta baitin ƙarshe a tsakiyarsa da tonon kazata, manya-manya. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa na ajiye a kan teburin Mai Zane.

Na san abin da na yi, ba sai kun faɗa min a sharhi ba.

Ya zo ya yi sallama, ya zauna yana buɗe shafukan da bayan yatsa yadda ya saba, don kada fensir ya ɓata su. Ina satar kallonsa ta gefen ido. Da ya kai ƙarshe sai hannunsa ya tsaya. Mai Kala ta miƙe ta ce bari ta sauka ƙasa ta duba wani labule, ita da ko taga ba ta ƙara a gidanta ba.

"Wa ya taɓa shafin nan?"

"Ni ce."

Ya sake duban takardar. "Wannan ba rubutunki ba ne."

"Nawa ne, Malam. Wanda ka sani ne ba nawa ba."

Ya ɗago. A kan idona ya gane, na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Wa ya faɗa miki?"

"Abin da ya dame ka ke nan, wanda ya faɗa min?"

"Ba ɓoye miki na yi ba. Na rasa ta inda zan fara ne."

"Ka fara ta ranar da na manna maka takarda a tebur. Ni ka gani ko ita?"

Na so ya yi min ƙarya. Wallahi da ya ce ni ya gani, da na karɓa na koma kujerata na ci gaba da aiki. Amma Mai Zane bai iya ba.

"Ranar, ita na gani," ya ce.

Na riƙe gefen tebur. Fankar na ta ƙararta a saman kanmu.

"Bayan ranar fa?"

"Bayan ranar na ga wata mai zuba min garin biskit a kan shafi, mai yi wa kwamfuta faɗa kamar tana ji. Ita ba ta yin ko ɗaya daga ciki."

"Amma da ka tashi neman aurena, da hannunta ka rubuta."

"Shi ne a kan kwamfutar. Auta, na daina ganinsa, kullum da shi nake aiki."

"Ni kuma yanzu ba abin da nake gani sai shi." Na nuna masa shafukan da ke gabansa. "Kowane shafi ka bar mata wurin zama. Gefen tabarma nata, bakin taga nata, shafin ƙarshe gaba ɗayansa nata. Ban ce ka manta da ita ba. Tambayarka nake, ni a ina zan zauna? Abba na jiran amsa, ni kuma ban san ko akwai wuri ba."

"Filin nan na dattijon waƙar ne."

"Dattijon da ka zana wa gefen hannu baƙi?"

Ya naɗe shafin a hankali kamar ba ɓata shi na yi ba, ya sa a jakarsa ya fita. Ina jin ƙarar babur ɗinsa har ya sha kwana. Ranar bai dawo ba, bai turo saƙo ba, ni ma ban tura ba. Sau nawa na duba wayar kuwa, wannan tsakanina da Allah ne.

Da gari ya waye na ce wa Umma ƙila Mai Kemis ɗin zan tsayar. Ba ta yi murnar da na zata ba. Ta gyara min bakin mayafi ta ce in je aiki in dawo tukuna.

Na tarar ya riga ni zuwa, yana tsaye a baranda ya ba ni baya, rigar jiya ce a jikinsa. Na kunna kwamfuta na buɗe littafin, na ga wayam. Duk inda na zuba kalma babu komai, balan-balan a buɗe ba magana, wuraren baitoci farare tas. Na nemi Hannu a cikin salon rubutun da ke kwamfutar, babu. Na leƙa ta Mai Kala, babu.

"Na goge shi," ya ce daga bakin ƙofa. Idanunsa sun kumbura sun yi ja. "A nan, da ta gida, da filashin da nake ajiya. Oga ya yi faɗansa ya gama." Ya ƙaraso ya ajiye min kwalin sababbin alƙaluman tawada. "Ga wuri nan, Auta, duk littafin. Ki rubuta da naki, ko yaya yake."

"Shafin ƙarshe fa?"

Kun ji ni ko? Mutum ya yanko abin da ya fi so ya ajiye a gabana, ni ina tambayar saura.

"Shi ki bar min," ya ce. "Shi kaɗai."

Na ce to. Na ɗauka zan ji daɗi, baki har kunne. Na yi nasara a kan matar da ba ta da bakin kare kanta, kuma abin da na ji a ƙirjina nauyi ne, sai wani ɗan daɗi a ƙarƙashinsa da nake jin kunyar faɗa muku, amma yana nan.

Na fara shafin farko ke nan, na rubuta layi ɗaya na kalle shi na tausaya wa masu karatu, sai muka ji taku a matakala, a hankali, ana hawa ana hutawa. Mai Kala ta leƙa ta dawo ta dafe ƙirji. Ta sunkuyo daidai kunnena.

"Mahaifiyar Marigayiya ce. Duk sanda littafi zai fita sai ta zo, ku ne dai ba ku taɓa haɗuwa ba."

Tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin farin mayafi, sanda a hannu ɗaya, ledar lemon da ta kawo mana a ɗayan. Mai Zane ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta dafa kansa ta ce, "Ka rame, ɗana." Sannan ta juyo gare ni.

"Ke ce mai zuba kalmomin yanzu?"

"Ni ce, Mama. Ina kwana."

"Lafiya lau. Allah ya yi miki albarka, an ce min kin riƙe aikin da kyau." Ta jawo kujera kusa da tawa ta zauna, ta ciro tabarau daga jaka tana gogewa da bakin mayafi. "Ba zan hana ki aiki ba, 'yata. Tsofaffin littattafan duk na haddace su, na san kowace kalma da inda take. Sabon nake zuwa gani. In na ga maganar da ban taɓa karantawa ba da rubutunta, sai in ji kamar daga can ta aiko min da saƙo." Ta maƙala tabarau ɗin. "Nuna min ko layi ɗaya ne, in tafi."

Na kalli Mai Zane. Yana durƙushe inda ta bar shi, kansa a ƙasa. Ko ya manta da tsohuwar nan ne jiya, ko ya tuna da ita ya zaɓe ni duk da haka, ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Babu Hannu a ofis, babu a gida, babu a filashi. Duk duniyar nan wuri ɗaya ya rage da sabuwar kalma za ta iya fitowa da rubutun matar nan, kuma shi ne hannun nan nawa da yake riƙe da alƙalami a kan teburina.

Na kifa shafin da na fara, kada ta gani.

"Yau da alƙalami muke yi, Mama."

"To rubuta, ina kallo."

Na jawo farar takarda na rubuta mata baitin ɗakin da ya maimaita tari. Ko tsayawa tunani ban yi ba, abin ya zubo sumul a kwance zuwa dama, ya fi duk wanda na taɓa yi kyau. Tsohuwar ta kai yatsa tana bin layin ba tare da ta taɓa tawadar ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Ɗana, taso ka ga."

Ya taso ya tsaya a bayana. Ya kalli takardar ya daɗe, sannan ya juyo da idanunsa kaina, ya yi min irin kallon da na daɗe ina roƙon Allah ya yi min. Ni kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan, ban san wa yake kallo ba.